Liu Yu, gwamnan lardin You: tausayi ne ya kashe shi?

Malam Mai Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A ƙarshen daular Han ta ƙasar Sin an yi wani gwamna, sunansa Liu Yu, wanda aka fille wa kai a kasuwar birnin Ji a shekarar 193 miladiyya. Yawancin masu ba da labarinsa hukunci ɗaya suke yankewa, wai tausayi ne ya yi masa yawa har ya kai shi hannun hauni. Ni ban gamsu da haka ba, shi ya sa na kawo maganar nan mu tattauna.

Jinin sarauta ne, daga zuriyar Liu Qiang, ɗan sarki Guangwu wanda ya sake kafa daular a shekarar 25. Tun da fari ya taɓa zama mai sa ido na fada a lardin You, can arewa maso gabas, a bakin iyaka da makiyayan Wuhuan da Xianbei, kuma ya bar suna mai kyau a wurin talakawa da makiyayan baki ɗaya. Bayan tawayen masu rawani ruwan ɗorawa na 184 ƙasa ta dagule. Fada ta ɗebi mahayan Wuhuan 3,000 za ta kai su yaƙi lardin Liang a yamma, ba a biya su haƙƙinsu ba, suka watse suka koma gida. A 187 wasu tsoffin hakimai biyu, Zhang Chun da Zhang Ju, suka haɗa baki da shugaban Wuhuan mai suna Qiuliju suka ta da kayar baya, har Zhang Ju ya ce shi ne sarkin Sin. Sun kashe hakimai, sun kwashi ganima a larduna huɗu.

A 188, bisa shawarar Liu Yan, fada ta dawo da muƙamin gwamna mai cikakken iko, aka tura Liu Yu lardin You saboda an san makiyayan suna ganin girmansa. Da ya sauka a Ji, babban birnin lardin, sai ya aika manzanni wurin shugabannin Wuhuan, cewa duk wanda ya ajiye makami an yafe masa, ya kuma sa lada a kan Zhang Chun da Zhang Ju. Makiyayan suka janye jiki. Zhang Chun ya tsere bayan iyaka, a 189 wani baransa mai suna Wang Zheng ya kashe shi ya aiko wa gwamna da kansa.

Lardin nan ba ya iya riƙe kansa. Kowace shekara sai an kawo masa agajin tsabar tagulla sama da miliyan 200 daga harajin lardunan Qing da Ji (lardin Ji daban ne da birnin Ji). Da yaƙi ya tare hanyoyi agajin ya yanke. Liu Yu ya sassauta hukunci, ya mai da mutane gona, ya buɗe kasuwar bakin iyaka a Shanggu domin ciniki da makiyaya, ya farfaɗo da aikin gishiri da ƙarfe a Yuyang. Hatsi ya yi arha har babban awo ya sauko tsaba 30. Marubutan tarihi suka ce mutum sama da miliyan guda ne suka yi gudun hijira daga Qing da Xu zuwa wurinsa, ya ba su wurin zama da abin yi. Shi kansa tsohuwar riga yake sawa da takalmin igiya, nama kala ɗaya a gabansa, in hularsa ta yage a yi mata faci. Bari in ɗan tsaya nan, sauran na tafe.

Ɗan Autan Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, mutum irin wannan wa zai kashe shi kuma? Makiyayan ne suka ci amanarsa daga baya?

Malam Mai Tarihi:
A'a Auta, makiyayan su ne ma suka fito ɗaukar masa fansa. Kwamandan sojan da ke ƙarƙashinsa ne ya kashe shi, Gongsun Zan.

Tsohon Soja:
Malam, kafin ka ci gaba, ina da gyara a kan yadda ka jera labarin. Ka nuna kamar wasiƙa ce kawai ta kwantar da tawayen nan. Kafin manzannin gwamna su yi tasiri Gongsun Zan ya riga ya gwabza da Zhang Chun a Shimen a 188, ya tarwatsa shi, har ya bar iyalinsa ya gudu. Ya bi su cikin ƙasarsu, Qiuliju ya yi masa ƙawanya a garin Guanzi sama da kwana 200. Abinci ya ƙare suka yanka dawakinsu, dawaki suka ƙare suka dafa fatun garkuwa. Da yawansu ba su dawo gida ba.

To ka sa kanka a matsayin mutumin nan. Ka binne yaranka a can, ka dawo da ƙyar, sai ka tarar sabon gwamna yana aika wa waɗanda suka kashe su kyaututtuka, an kuma rage rundunarka an bar ka da mutum 10,000 a Youbeiping. Ba ina wanke shi ba ne, mugun abu ya yi a ƙarshe. Amma Wuhuan sun karɓi afuwa ne saboda sun ɗanɗana takobin Gongsun Zan, mai fararen dawaki. In babu shi, da dariya za su yi wa manzannin.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Baba, ina ganin girmanka, amma labarin da ka kawo ni yake goya wa baya. Ya ci su a Shimen, na ji. Sai me ya biyo baya? Ya kai yaran mutane cikin daji aka rufe su wata shida da wani abu, tawaye kuma bai mutu ba. Wanda ya zo ya kashe wutar bai zubar da jinin soja ko ɗaya ba. Kuma mu tuna abin da ya tayar da rikicin tun asali, haƙƙin mahaya ne aka hana. Mutumin da ka ci wa haƙƙi in ka zo masa da biya da ƙofar kasuwa zai saurare ka.

Ni kasuwar Shanggu ɗin nan ita ta fi burge ni. Makiyayi yana da doki da fata da dabba, yana neman hatsi da tufa da gishiri. In ka rufe masa kasuwa zai zo ya ɗauka da mashi, in ka buɗe zai zo ya saya, gwamnati ta samu haraji a kai. Lardin da ake ciyar da shi da kuɗin wasu, cikin 'yan shekaru ya koma shi ke ciyar da baƙi. Uwa mai goyo ba ta ɗaukar 'ya'yanta ta yi tafiyar makonni zuwa ƙasar sanyi sai in ta ji labarin akwai abinci da aminci.

Ɗalibi a Sin:
Assalamu alaikum iyayena. In ƙara haske a kan wuraren. Birnin Ji yana inda kudu maso yammacin Beijing yake a yau. Shanggu tana arewa maso yamma da shi, wajen yankin Zhangjiakou, Yuyang kuma arewa maso gabas, wajen Miyun. Lardin ya miƙa har Liaodong da arewacin zirin Koriya, amma tun wajen 190 Gongsun Du ya riƙe Liaodong yana cin gashin kansa. Wannan Gongsun ɗin daban ne da wanda Baba yake magana a kai. Ƙidayar shekarar 140 ta ba lardin mutum sama da miliyan 2. Saboda haka ko da marubutan sun kumbura adadin 'yan gudun hijirar, in rabinsa ne ma ya zo, nauyi ne mai girma a kan ƙasa mai tsananin hunturu da noma sau ɗaya a shekara.

Malam Mai Tarihi:
Madalla. Baba, gyaranka ya shiga, kuma za mu dawo kansa, domin a nan ciwon yake.

A 189 sarki Ling ya rasu. Wani kwamandan soja, Dong Zhuo, ya shigo Luoyang, babban birnin daular, da sojojinsa, ya tuɓe sarki yaro Liu Bian, ya ɗora ƙanensa Liu Xie, wato sarki Xian, yaron da bai kai shekara goma ba. A 190 ya kwashe fada zuwa Chang'an ya ƙone Luoyang. Manyan gabas suka yi gangami a kansa. A 191 Yuan Shao, jagoran gangamin, da Han Fu gwamnan lardin Ji suka ce tunda sarki yaro ne kuma yana hannun azzalumi, a naɗa Liu Yu, dattijon gidan sarauta wanda kowa ya yarda da shi. Suka aika masa Zhang Qi da maganar. Ya fusata ƙwarai, ya ce ƙasa na cikin fitina, sarki na cikin wulaƙanci, maimakon su haɗa ƙarfi su cece shi sun zo su shafa masa dauɗar tawaye. Suka dawo da wata dabara, ya riƙe ragamar sakatariyar fada yana naɗa muƙamai da sunan sarki. Nan ma ya ƙi, aka kuma ruwaito cewa ya kashe manzon da ya kawo wannan saƙo na biyu.

Sai ya zaɓi wani saurayi ɗan shekara 22, Tian Chou, tare da Xianyu Yin, suka bi ta bayan iyaka suka zaga har Chang'an domin jaddada mubaya'arsa. Sarki ya yi murna. Ɗan Liu Yu, Liu He, yana aiki a fada, sai sarki ya tura shi a ɓoye ya gaya wa mahaifinsa ya kawo sojoji a mayar da shi gabas. A hanya Yuan Shu, ɗan'uwan Yuan Shao, ya tsare yaron a Nanyang, ya sa aka rubuta wa uban ya turo mahaya su tafi tare. Gongsun Zan ya ce kada a tura, Yuan Shu ba abin yarda ba ne. Liu Yu bai ji ba, ya tura dubban mahaya. Shi kuma Zan, gudun kada Yuan Shu ya ji ya ƙullace shi, ya tura ɗan'uwansa Gongsun Yue da mahaya 1,000, ya kuma zuga Yuan Shu a asirce ya ci gaba da riƙe Liu He ya ƙwace mahayan gwamna. Haka aka yi. Daga nan gaba ta yi tsanani tsakaninsu.

Malama Mai Alli:
Malam, dakata. Ƙin karɓar sarauta abin yabo ne, musamman ga ɗan zuriyar Liu Qiang, wanda shi ma yarima mai jiran gado ne ya roƙi a sauke shi a shekarar 43 bayan an tuɓe mahaifiyarsa. Amma kashe manzo fa? Ɗan aike ba ya da laifi. Wannan ya dame ni a kan mutumin da ake kira mai tausayi.

Mai Karatun Dare:
Ni kuma ƙin karɓar ne nake ganin kuskure. Da ya hau, da an samu cibiya guda a gabas, dattijo mai gaskiya, maimakon shekara 30 na yaƙin basasa har daular ta faɗi a 220. Tsarkin kansa ya kare, talakawa suka biya.

Malam Mai Tarihi:
Ɗan'uwa Mai Karatun Dare, duba waɗanda suka yi tayin. Yuan Shao sarkin da zai riƙe a tafin hannunsa yake nema, kamar yadda Dong Zhuo ya riƙe nasa. A cikin shekarar nan ta 191 ya ƙwace lardin Ji daga hannun Han Fu, abokin shawarar tasa, Han Fu ya ƙare da kashe kansa. Kuma gangamin bai yarda da naɗin ba: Cao Cao, ɗaya daga manyan gangamin, ya ƙi, Yuan Shu ya ƙi. Da Liu Yu ya karɓa, sarakuna biyu za a samu, kowane mai runduna kuma ya samu hujjar naɗa nasa. A nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari.

Malama, ajiye tambayarki a kusa, akwai abin da ya fi kisan manzo nauyi yana tafe.

Gongsun Yue ya mutu da kibiya a yaƙin da ke tsakanin mutanen Yuan Shu da na Yuan Shao. Zan ya ɗora wa Yuan Shao laifi ya shiga yaƙi da shi. A lokacin tauraronsa na haskawa, domin a 191 da mutum 20,000 ya karya 'yan tawaye wajen 300,000 a Dongguang. Amma a gadar Jie kwamandan Yuan Shao, Qu Yi, ya karya masa mahayansa masu fararen dawaki. Duk da haka bai daina kai hari ba, kuma da hatsin You yake yaƙin. Liu Yu ya rage masa guzuri. Zan ya saki sojojinsa suna ƙwace wa talakawa, yana tare kayan da gwamna ke aika wa makiyaya. Kowannensu ya rubuta wa fada ƙarar ɗayan, fada kuwa tana hannun hafsoshin Dong Zhuo, Li Jue da Guo Si, bayan kashe maigidansu a 192, ba ta iya raba gardamar kowa. Zan ya gina ƙaramin sansani mai ganuwa a kudu maso gabashin Ji. Gwamna ya kira shi sau da yawa, ya ce ba shi da lafiya.

Liu Yu ya so ya auka masa, wani mashawarcinsa Wei You ya hana, ya ce idon duniya na kanka, ba ka iya zama babu mayaƙi irin wannan, ka jure ƙananan laifuffukansa. Ya haƙura. Wei You ya rasu. A ƙarshen 193 ya tara mutum 100,000. Wani jami'insa, Cheng Xu, ya cire kwalkwalinsa ya matso ya ce ba a bayyana laifin Zan ga jama'a ba, a yi sansani a nuna masa ƙarfi, zai nemi gafara ba tare da yaƙi ba. Liu Yu ya ce yana kashe wa runduna gwiwa, ya sa aka fille masa kai a gaban kowa. Sannan ya ba da umarni kada a taɓa kowa, Gongsun Zan kaɗai ake nema.

Wani ma'aikacin gwamna mai suna Gongsun Ji ya je da dare ya tsegunta wa Zan. Sojojin Zan suna warwatse a waje, har ya fara haƙa ganuwar gabas zai gudu. Amma rundunar gwamna ba ta san yaƙi ba, kuma ya hana a sa wuta saboda gidajen talakawa. Suka kasa shiga. Zan ya zaɓi 'yan ɗaruruwan zaratan mayaƙa, ya cinna wuta ta inda iska ke kaɗawa, ya afka musu. Runduna ta watse. Liu Yu ya gudu arewa zuwa Juyong, bayan kwana uku garin ya faɗi, aka dawo da shi Ji da iyalinsa.

Tsohon Soja:
To ka gani. Mutum 100,000 da ba su da horo taron cin abinci ne, in mutum goma suka juya da gudu sauran za su tattake juna. Da ya zaɓi 5,000 nagari, ya rufe bakinsa, ya tare ƙofofi da asuba, da kafin hantsi an gama. In kuma ba ya son wuta, to ya kewaye sansanin ya zauna, yunwa ta yi masa aiki. Bai yi ko ɗaya ba. Ni abin da nake cewa, wanda ya fita yaƙi yana tsoron ƙona gida ɗaya, sai a ƙone garin duka a kansa. Wutar da ya hana ai an kunna ta, kuma mutanensa ta ci. Tausayin ne ya kashe shi, Malam.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Haba Baba. Gidajen nan akwai mata da yara a ciki. Ni in za a tambaye ni, wannan umarnin shi ne abu mafi kyau da ya yi a ranar.

Malam Mai Tarihi:
Baba, ranka ya daɗe, ka ba ni hujjata da bakinka. Hanyoyi biyu da ka lissafa, harin asuba da zaman ƙawanya, babu wadda ke buƙatar ƙona gidan talaka. Ashe ana iya cin yaƙin nan ba tare da an karya umarninsa ba. Abin da ya rasa shi ne sanin yaƙi da mutumin da zai gaya masa gaskiya, kuma na biyun shi ya kashe shi da hannunsa. Shawarar Cheng Xu ita ce ainihin hanyar da Liu Yu ya bi da Wuhuan a 188: nuna ƙarfi, buɗe ƙofar tuba, ware mai laifi daga mabiyansa. Ta yi masa aiki a kan baƙi, ya ƙi gwada ta a kan nasa. Shekara biyar tausayi yana ciyar da lardi. Ranar da ya ajiye shi ya ɗauki fushi, ranar ya faɗi. Bayan kan Cheng Xu ya faɗi ƙasa, wane hafsa ne zai sake buɗe baki ya ce ranka ya daɗe, an tona asirinmu, ko iska ta juya?

Malama Mai Alli:
Nan na tsaya ni ma. Kuma ya ƙara mini nauyi a zuciya, domin mutum biyu ke nan da ya kashe saboda magana kawai. Ina ganin yana da taushi ga talaka da baƙo, amma in aka taɓa abin da yake ganin mutuncinsa ne ba ya jin kira. Ko maganar mahayan da ya tura wa Yuan Shu, gaskiya tana wurin Zan, ya ƙi ji saboda daga bakin Zan ta fito.

Ɗan Autan Zaure:
Malam, yaya aka yi kisan? Kuma ba wanda ya tsaya masa?

Malam Mai Tarihi:
Da farko Zan ya bar shi yana sa hannu a takardun lardi, domin ya san sunan wa mutane ke bi. Sai ga manzon sarki, Duan Xun, ya iso da takardar ƙara wa Liu Yu girma da ba shi kulawar larduna shida, shi kuma Zan an ƙara masa muƙamin soja da sarautar Yi. Zan ya ga in takardar nan ta yi aiki ya shiga uku. Sai ya ce Liu Yu ya haɗa baki da Yuan Shao domin ya zama sarki, wato laifin da duniya ta shaida ya ƙi aikatawa, ya tilasta wa manzon ya zartar da kisa da sunan fada. Aka zaunar da shi a kasuwa, Zan ya ce in sama ta zaɓe shi sarki to ta saukar da ruwa ta cece shi. Ruwa bai sauko ba, aka sare shi. Aka aika da kansa fada, wani tsohon ma'aikacinsa Wei Dun ya tare hanya ya ƙwace ya binne.

Tian Chou ya dawo daga Chang'an ya tarar an gama. Ya je kabarin ya karanta amsar sarki yana kuka. Zan ya kama shi, ya tsaya a gabansa bai lanƙwasa ba, har aka sake shi. Ya kwashi danginsa ya shiga duwatsun Xuwu, cikin 'yan shekaru gidaje sama da 5,000 suka taru a wurinsa.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Innalillahi. Ka ɗora wa mutum ƙarya, sannan ka yi masa izgili da ruwan sama a gaban mutanen da ya ciyar. Wannan ba aikin soja mai ciwon yaransa ba ne Baba, zalunci ne tsagwaronsa.

Tsohon Soja:
A nan ba ni da ja, Hajiya. Kashe fursuna da ƙage abin kunya ne ga duk wanda ya taɓa sa kaki.

Mai Karatun Dare:
Akwai abin da Malam bai faɗa ba. Fan Ye, wanda ya rubuta tarihin ƙarshen Han a ƙarni na 5, ya kawo cewa da sojojin Zan suka bincike gidan gwamna sun tarar matansa cikin alharini da kayan ado masu tsada, har mutanen zamanin suka fara shakkar tsohuwar rigar nan da hular faci. Ko dai duk don a gani ne?

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Su wa suka yi binciken? Yaran wanda ya kashe shi, a daidai lokacin da maigidansu ke neman abin da zai ɓata shi da shi. Kuma ko gaskiya ne, namijin da ya takura wa kansa ya suturta matansa ni ban ga munafunci a nan ba. Jikan sarki ne mai sarauta da albashi. Ba a ce an sami rumbun hatsin talakawa a ɗakinsa ba.

Malama Mai Alli:
Hajiya, ni dai ba zan share maganar gaba ɗaya ba. Marubucin yana yabon Liu Yu, duk da haka ya ga ya dace ya rubuta ta. Mai yiwuwa rigar siyasa ce, domin an ce manyan lardin masu almubazzaranci sun rage saboda kunyar ganinsa. In haka ne ma ta yi amfani. Sai dai tana nuna mutum ne mai kula ƙwarai da yadda ake kallonsa, kuma ina jin wannan ne ya sa bai iya jure kwamandan da ke ƙin amsa kiransa a idon jama'a ba.

Malam Mai Tarihi:
Wannan fahimta ta Malama ta zauna mini. Amma kada mu bar fada ta tsira daga zargi. Ita ta ajiye mutum biyu a lardi guda, ɗaya da hatimi da rumbu, ɗaya da dawaki, ta ce na biyu ya bi na farko, sannan ta yi ta ƙara wa kowannensu girma dabam. Har a takardar ƙarshe da Duan Xun ya kawo haka aka yi. Baba ya ce Wuhuan sun saurari manzanni saboda takobin Zan, na yarda da rabin haka. Sauran rabin shi ne takobin Zan da hatsin Liu Yu yake ci. Fan Ye kansa ya ce da sun haɗa kai da sun yi abin da zai kai na magabata.

Dubi abin da ya sami Zan da ya rage shi kaɗai. Tsoffin jami'an Liu Yu, su Xianyu Fu, suka ɗaga Yan Rou ya jagorance su, Wuhuan da Xianbei suka ba da dubban mahaya, suka kashe hakimin da Zan ya naɗa a Yuyang, Zou Dan. Suka haɗu da Liu He da Qu Yi, a 195 suka karya Zan a Baoqiu. Garuruwa suka riƙa kashe hakimansa. Ya koma Yi ya gina ganuwoyi da ramuka da dogayen hasumiyoyi, ya sa ƙofar ƙarfe, ya tara hatsi awo miliyan 3, ya hana duk namijin da ya wuce shekara bakwai shiga inda yake, takardu ma da igiya ake ja masa su sama. In abokan gaba suka kewaye wani hafsansa ba ya kai ɗauki. A 199 mutanen Yuan Shao suka haƙa ƙarƙashin hasumiyoyin, ya kashe matansa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa mata, ya cinna wa kansa wuta.

Tsohon Soja:
Na ji duka, kuma na yarda kisan Cheng Xu shi ne babban kuskuren ranar. Amma ban sauka daga kan bakana ba. Tun 189, da aka ruwaito Zan yana sa a tare manzannin makiyaya a hanya ana kashewa, ya kamata gwamna ya san da wa yake zaune, ya fara horar da rundunar kansa a hankali. Shekara huɗu yana da kuɗin gishiri da ƙarfe, yana da 'yan gudun hijira majiya ƙarfi, yana da mahayan Wuhuan da ke ƙaunarsa, waɗanda muka ga abin da suka iya a 195. Bai gina komai da su ba. Shugaban da mutane miliyan suka fake a bayansa wajibi ne ya tanadi abin kare su, in bai yi ba amanarsu ce ya sakaci da ita, ko da zuciyarsa fara ce.

Malam Mai Tarihi:
Wannan zargin na karɓe shi, Baba, domin sakaci ne ka kira shi. Inda muka rabu shi ne umarnin hana wuta, ni har yanzu ina ganin daidai ne.

Ɗan Autan Zaure:
To bayan duk sun mutu wa ya ci lardin? Kuma makiyayan fa, zaman lafiyar ya ɗore?

Ɗalibi a Sin:
Bai ɗore ba, Auta. Yuan Shao ya ba ɗansa Yuan Xi lardin, ya kuma jawo Wuhuan jikinsa da sarautu da auratayya, suka shiga rikicin gidan Yuan. Xianyu Fu da Yan Rou suka koma wurin Cao Cao. A 205 hafsoshin Yuan Xi suka juya masa baya, shi da ƙanensa Yuan Shang suka gudu wurin Tadun, wanda ya gaji Qiuliju. A 207 Cao Cao ya bi su. Ruwan damina ya toshe hanyar bakin teku, sai Tian Chou ya sauko daga Xuwu ya nuna masa tsohuwar hanyar Lulong ta cikin duwatsu, domin shi ma yana da jiƙaƙƙa da Wuhuan saboda hare-haren da suka riƙa kai wa yankinsu. Aka kashe Tadun a Dutsen Farin Kyarkeci, aka kwaso Wuhuan masu yawa aka shigar da mahayansu rundunar Cao Cao. 'Ya'yan Yuan suka gudu Liaodong, Gongsun Kang, ɗan Gongsun Du, ya fille musu kai ya aika wa Cao Cao. An yi wa Tian Chou tayin sarauta sau da yawa saboda wannan aiki, ya ƙi karɓa har ya mutu.